Haƙarƙarin Tankari da Ayun Tungar Zalɓe

A ƙarƙashin gurbin Tungar Zalɓe, wato wurin da gulbi ya fi zurfi, akwai ƙofa. Duk wanda aka yanke wa cibiya a tungar ya san da ita, amma mutum ɗaya ne kawai ya taɓa shiga ya fito, Tankari ɗan Jatau. Shi ma da ya fito bai fito cikakke ba.

Tungar Zalɓe ƙauyen masunta ne a bakin gulbi, kuma tun zamanin kakanni ayu ne arzikin gurbinsu. Wanda bai taɓa ganin ayu ba, to dabba ce ta ruwa mai girman saniya, fuska kamar ta tsoho mai gashin baki, babu ƙafa sai gajerun hannuwa biyu. Macen tana rungume ɗanta ta ba shi nono kamar mutum. Ba ya cizo, ba ya faɗa, aikinsa kawai cin ciyawar ruwa daga safe har yamma.

Mutanen tungar suna da al'ada. Ayu ɗaya ake kashewa a shekara, bayan kaka. In an feɗe shi, maharbin zai zaɓi ƙashin haƙarƙari mafi tsawo, ya tuƙa jirgi zuwa tsakiyar gurbi, ya ce, "Ga naki, ki ba mu namu," ya sake shi. Ƙashin ayu nauyi gare shi kamar dutse, nan take yake nutsewa. Kafin damina ta zagayo sai a ga sabon ayu ya ɓullo a gurbin, ba wanda ya san daga inda ya zo.

Haka ake har ranar da Alhaji Na'iya ya iso da jirginsa mai inji. Shi falke ne na kayan tsibbu. Yana sayen man ayu, yana sayen fata, amma abin da ya fi zuba wa kuɗi shi ne haƙarƙari. Tankari kuwa a lokacin babu mai hannunsa a jifan zago, wato mashin nan mai ƙugiya da igiya. Cikin shekara biyu ya kashe ayu tara, bai mayar wa gurbi ko tsinken ƙashi ba. Ta ƙarshen mace ce, da ɗanta a gefe. Igiyar zago ta sharɓe ɗan a baya, ya nutse, ba a sake ganinsa ba.

Daga nan ayu ya ƙare. Kainuwa, wadda da can ayu ke cinyewa, ta miƙe ƙafa. Ta rufe gurbi, ta rufe mashigi, ta rufe gulbin daga wannan gaɓa zuwa waccan, har kaza na iya takawa a kai. Jirgi ba ya wucewa, komar masunta ba ta shiga, kifi ya riƙa tasowa ciki sama yana wari. Sauro ya yi gari.

Ran nan Sarkin Ruwa Maidamma ya tara mutane a gindin giyayya bayan sallar hantsi, ya ce, "Jama'a, ruwan nan ya sallame mu. Nan da kwana bakwai kowa ya ɗaure kayansa. Za mu bi ta tudu mu nemi wani gulbin."

Barmo, ɗan Sarkin Ruwa, wanda tun suna yara ba sa ga maciji da Tankari, ya yi caraf ya ce, "Baba, a bar mana gwanin zago a nan mana. Ya zauna ya ci kainuwar, tunda shi ya cinye masu cinta."

Aka fashe da dariya, irin dariyar da babu daɗi a cikinta.

Tankari ya miƙe. "Barmo, naman nan da na kawo, ni kaɗai na ci? Ban ga tukunyar gidanku tana tafasa ba? Kai da bakinka ka ce a ƙara maka wajen kitse."

"Zauna, Tankari," in ji Sarkin Ruwa.

"Ranka ya daɗe, ba zan zauna ba, kuma ba zan tashi daga tungar nan ba. Kabarin ubana yana bayan giyayyar nan. Ku ba ni kwana bakwai ɗin. In ban dawo da ayu ba, ku tafi, kada wanda ya waiwayo."

"Daga ina za ka dawo da shi?" Barmo ya tambaya. "Daga buhun Alhaji?"

Tankari ya juya musu baya. Ya wuce kai tsaye wajen Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi. Ya tarar da ita zaune gaban banda, babu ko kifi ɗaya a kai, tana dai hura wutar don sabo.

"Gwaggo, ta yaya ake shiga ƙofar gurbi?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sai yau ka tuna da ƙofar? Sau tara ina ce maka, ɗan nan, mayar mata da ƙashinta. Ka ce Gwaggo zamani ya canza."

"Na faɗa. Yanzu dai ta yaya ake shiga?"

"Ba ta buɗe wa abin da ke iyo. Sai abin da ya nutse bai yi gardama ba."

Ta tashi ta shiga bukka, ta fito da wani ɗan dami na busasshen burgu, ciyawar nan mai zaƙi da ayu ya fi so, wadda kainuwa ta kashe tun bara. Ta cusa masa a cikin riga.

"Wannan fa na mene ne?"

"Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ko wannan ma sai na koya maka?"

Da rana ta take, Tankari ya ɗauki zagonsa, ya ɗaura dutsen niƙan Gwaggo a ƙugu, ya rarrafa kan kainuwa har tsakiyar gurbi. Ya yage ta da hannu, baƙin ruwa ya bayyana. Ya yi bisimilla ya faɗa.

Ya yi ta nutsewa. Haske ya koma kore, kore ya koma baƙi, ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Jikinsa na ce masa kwance igiyar dutsen nan, shi kuwa ya ƙanƙame zago ya ƙi motsa ko yatsa. Can ya ji wani abu ya buɗe a ƙarƙashinsa kamar bakin rumbu. Ya faɗo tim a kan busasshiyar ƙasa, dutsen niƙa ya rabe biyu.

Ya ɗaga kai. Gulbin yana can sama a shimfiɗe inda ya kamata sararin sama ya kasance, saiwoyin kainuwa na reto kamar gemu. A gabansa kuwa fadama ce busasshiya, ta tsattsage, iyakar ganin ido. Ya ɗaga ƙafa zai taka, sai ƙasa ta yi magana.

"Ɗan Adam, dubi inda kake sa ƙafa. Mutane na barci."

Ya duba cikin tsagar ƙasa, sai ga ido biyu ƙanana. Gaiwa ce, kifin nan da ke binne kansa cikin laka in ruwa ya janye, ya yi barci har damina. Amma wannan ta kai tsawon mutum, kuma ta tsufa har fatarta ta yi fari.

"Sannu da hutawa, Kaka," in ji Tankari. "Hanyar masu ajiyar ayu nake nema."

"Hanyar tana da tsawo, kuma duk taku ɗaya akwai ɗaya daga cikin jikokina a ƙarƙashi. Mu ne waɗanda muka gudo daga fartanyar danginka, masu tono mu muna barci. In ka taka ɗaya, fadamar nan za ta haɗiye ka. Ni kaɗai na san inda babu kowa. Ɗauke ni da lakata, ka kai ni ruwa, ni kuma in zame maka ido."

Tankari ya sa bakin zago ya yanko curin lakar da take ciki, ya aza a ka. Ba ta fi tulu nauyi ba. Suka kama hanya, tana cewa dama, hagu, tsallake, yana bi.

Can ta ce, "Ɗan Adam, wa ya ƙarar da ayun gurbinku?"

"Wani Alhaji ne mai jirgin inji."

Nan take curin ya yi nauyin buhun gero. Wuyansa ya ce ƙas.

"Na ce wa ya ƙarar da su?"

"Duk tungar aka ci naman."

Curin ya yi nauyin jirgi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ƙafarsa ta fara zamewa wajen wata tsaga mai ido biyu a ciki. Gumi ya rufe masa fuska.

"Kaka, in kashe ni za ki yi, ki kashe ni a tsaye!" Ya ciji leɓe ya daka tsawa. "Ni ne! Ni Tankari ɗan Jatau. Tara na kashe, da hannun nan, kuma na sayar da ƙasusuwan ina dariya. Sai me? Ai shi ya sa na zo da ƙafata, ba wanda ya aiko ni."

Curin ya koma kamar faifai.

"Bakinka da kaifi," in ji gaiwa, "amma ya daina karkata. Hagu."

Suka isa bakin wani rafi mai ruwa garau. Ya sauke ta a hankali, laka ta narke, ta miƙe jiki ta shige. Ta ɗago kai ta ce, "Bi rafin nan zuwa ganuwa. Mai gadin ƙofa ba ya jin magana, ba ya jin duka. Kada ka ɓata ƙarfinka." Ta nutse.

Ganuwar ta gidan gara ce, ja wur, tsawonta ya kusa taɓa gulbin da ke sama. Ƙofa ɗaya ce tak, kuma a bakinta wata dabba ce zaune, girmanta ya kai bukka, jikinta duk sulke ne ɓawo kan ɓawo, da dogon baki siriri. Ɗankunya ne. Tankari ya sha ganin ɓawonsa a buhun Alhaji Na'iya, amma bai taɓa ganin mai rai ba. Yana jin warin mutum sai ya naɗe kansa ya zama dunƙule, ya toshe ƙofar ruf, ko allura ba ta wucewa.

Tankari ya yi sallama, shiru. Ya yi kirari, shiru. Ya tura da kafaɗa, ya sa ƙotar zago ya yi banƙara, kamar yana tura dutse. Ya zauna yana haki.

Sai ya ga jerin gwanon kwarkwasa suna wucewa a gindin ganuwa, baƙaƙe, kowace ɗaya kamar ɗan yatsa. Ya tuna abin da tsofaffin maharba ke cewa, ɗankunya ba ya cin komai sai tururuwa da danginta. Ya ajiye zago can nesa. Ya tuɓe riga, ya je ya kwanta a kan hanyar kwarkwasar, daidai gaban hancin mai gadi.

Suka hau shi. Suka shiga hammata, suka shiga kunne, suka kama fatar ido. Kowane cizo kamar an ɗosana masa garwashi. Bai yi ihu ba, bai kaɗe ko ɗaya ba. Ya dai ce ta cikin haƙora, "Mai gadi, ga abinci na kawo maka a akushin da nake da shi. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka bar su su cinye akushin."

An daɗe. Sannan ɓawo ya motsa. Dogon baki ya leƙo, wani harshe mai tsawon igiyar guga ya fito ya fara lashe kwarkwasar daga jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya share shi tas.

"Shekara ɗari ina gadin nan," in ji ɗankunya da wata 'yar murya kamar ta amarya, "ban taɓa ganin ɗan Adam ya kwanta ƙasa da ni ba. Ɗauki mashinka ka wuce. Amma ka riƙe shi baki ƙasa."

Tankari ya mayar da riga, ya shiga birnin, jikinsa duk ya kumbura. Abin da ya gani ya sa ya manta da zafi. Duk dabbar da tsofaffi ke cewa da can akwai ta a dajinmu, tana nan. Raƙuman dawa na tafe a layi suna leƙa kan katanga. Gwanki da ɓauna na shan ruwa a kwatarniya ɗaya. Gauraki sun cika wani fili suna rawa, jiminu na kallo. Ungulaye sun jeru a kan wata kuka kamar dattawa a wajen ɗaurin aure. Dabgi ya leƙo daga rami, ya ga mutum, ya koma. Duk inda ya gifta sai surutu ya ɗauke. Wata dorina ta ja ɗanta ta mayar bayanta.

Wata tsohuwar ungulu ta ce daga sama, "Ku duba, har nan ma sun iso."

"Ni kaɗai ne, Inna," in ji Tankari, "kuma ba wajenki na zo ba."

A tsakiyar birnin akwai wani tafki mai faɗi, ruwansa kamar madubi. Cikinsa ayu ne fiye da a ƙirga, suna juyi a hankali, suna fito da hanci suna shaƙar iska. Tankari ya tsaya a gaɓa. Wani ɗan matashin ayu ya raɓo gefe shi kaɗai, ba ya cikin garke, ya kafa hanci yana shinshinar rigarsa. Tankari ya tuna da damin Gwaggo. Ya ciro burgun ya miƙa. Ayun ya karɓa da leɓɓansa masu kauri yana taunawa. Da ya juya zai tafi, sai Tankari ya ga wani dogon tabo a bayansa, irin wanda igiya ke bari. Ya san igiyar. Tana naɗe a kafaɗarsa.

"Ka gane shi?"

Muryar ta fito daga tsakiyar tafki. Ruwa ya dare, wata mace ta taso zaune a kan ƙoƙon kunkuru mai faɗin daɓe. Gashinta farin kumfa ne, zanenta ruwa ne mai gudu, idanunta ba su da fari ko kaɗan. A bayanta an jera ƙasusuwan haƙarƙari dubbai kamar shinge.

"Ni ce Magajiyar Gurbi. Faɗi sunanka da abin da ya kawo ka, ka taƙaita, don warinka na damun jama'ata."

Tankari ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗayar ya bar ta a tsaye. "Ranki ya daɗe, ni ne Tankari ɗan Jatau na Tungar Zalɓe. Ayu na zo karɓa."

"Karɓa." Ta maimaita kalmar kamar ta tsinci ƙashi a tuwo. "Ɗan Adam, mu ba ma halitta, Mai halitta ɗaya ne. Mu masu ajiya ne. Kakanninka sun yi alkawari da ni, duk ayun da suka ci za su aiko da haƙarƙarinsa, shaidar cewa sun san rai suka ɗauka. Ni kuma in saki wani. Ga na kakanka, ga na ubanka, duk suna nan. Ina naka tara?"

"Na sayar."

"To ka sayar da gurbinku. Tashi ka tafi."

"Akwai yara a tungar da ba su taɓa riƙe zago ba."

"Wancan mai tabon, da ka kashe uwarsa yana shan nono, shi ya taɓa riƙewa?"

Tankari ya sunkuyar da kai. Amma bai tashi ba.

"Na ce ka tafi."

"Ba inda za ni, ranki ya daɗe."

Tafkin ya yi baƙi. Iska ta taso, gauraki suka watse. "Ka san da wa kake magana? Yanzun nan sai in mai da kai kututture a bakin ruwan nan."

"Mai da ni. Amma ki sani kututturen zai yi baki. Kullum safiya za ki ji ni ina cewa ayu na zo karɓa, har ki gaji. Gwaggona ta yi shekara talatin tana fama da ni ba ta iya ba."

Wani abu mai kama da tari ya fito daga gefen tafki. Tsohuwar gaiwa ce, ta biyo rafi ta iso, dariya take. "Magajiya, na ɗanɗana taurin kan nan a kan hanya. Da gaske yake."

Magajiya ta ce, "Ko zai shekara dubu, doka ɗaya ce. Babu haƙarƙari, babu ayu."

Tankari ya miƙe tsaye. Ya kama zagonsa da hannu biyu, ya karya ƙotar a gwiwa, ya jefar gabanta. Ya yaye riga, ya bugi gefen ƙirjinsa.

"Waɗancan tara sun tafi, ba zan same su ba. Ga wanda nake da shi. Ciri."



"Ba a taɓa yi ba," in ji Magajiya. Ta daɗe tana dubansa. "Ƙashin ɗan Adam ba shi da nauyi, kamar alkawarinsa. Amma zan gwada. Za a cire, a jefa a tafkin nan. In ya nutse, na karɓa. In ya yi iyo, ka yi asarar ƙashi, ka koma hannu wofi. Kuma ka ji sauran: in na karɓa, ranka ya ɗauru da na ayun da zan ba ka. Abin da ya soke shi ya soke ka. Ranar da aka kashe shi, a haƙa kabari biyu."

"Na ji. A kira wanzami."

Wani zalɓe fari, tsawonsa ya fi na mutum, ya tako a hankali kamar mai jin nauyin ƙafafunsa. Ya karkata kai ya dubi ƙirjin Tankari. "Za a riƙe ka, ko za ka tsaya?"

"Yi aikinka, Baba."

Bakin zalɓe ya shiga kamar walƙiya. Tankari ya ji duniya ta juya, ya ga fari, ya ga baƙi, amma ƙafafunsa ba su bar inda suke ba. Zalɓe ya zaro ƙashin, ya shafa wata laka a wurin, jini ya tsaya. Ya wurga ƙashin tsakiyar tafki.

Ƙashin ya faɗa, ya nutse kaɗan, ya taso. Ya tsaya yana lilo a kan ruwa kamar karan dawa.

Ungulaye suka ƙyalƙyale da dariya. Magajiya ta buɗe baki za ta yanke hukunci. Sai ruwa ya motsa. Ɗan ayun nan mai tabo ya taso, sauran burgu na maƙale a gashin bakinsa. Ya zagaya ƙashin sau ɗaya. Ya sa ɗan gajeren hannunsa ya rungume shi a ƙirji, yadda uwarsa ke rungume shi, ya nutse da shi har ƙasa. Da ya taso, hannunsa babu komai.

"Ya nutse," in ji gaiwa.

"An nutsar da shi dai," in ji Magajiya.

Gaiwa ta ce, "Ranki ya daɗe, wanda aka yi wa laifin ne ya nutsar. Ke da ni wa ya fi shi iko a kan maganar?"

Magajiya ta rufe ido, ta buɗe. Tafkin ya washe. "Na karɓa. Ɗauki mai tabon ka tafi, tunda shi ya zaɓe ka."

Tankari na dafe da gefensa, numfashi na fita da ƙyar. Ya girgiza kai. "Ɗaya ba ya haihuwa. In na tafi da shi shi kaɗai, ya tsufa ya mutu, mun koma inda muke. A haɗa mini da mace."

"Haƙarƙari ɗaya, ayu ɗaya."

"Na sani." Ya juya wa zalɓe ɗaya gefen. "Baba, bakinka bai dakushe ba ko?"

Zalɓe ya dubi Magajiya. Ba ta hana ba. Bakin ya sake shiga. Wannan karon Tankari ya faɗi kan gwiwoyinsa, amma da idonsa ya ga an jefa ƙashin na biyu. Ya faɗa ruwa ya ce zurum, ya wuce ƙasa kai tsaye kamar dutse, ba wanda ya taɓa shi.

Magajiya ta sauko daga kan kunkurunta, abin da jama'ar birnin suka ce ba su taɓa gani ba. Ta tsaya a kansa. "Tankari ɗan Jatau, ka gaya wa mutanenka tsohon alkawari ya mutu. Ba na sake karɓar ƙashin ayu. Duk mai son ayu daga yau, ya san irin ƙashin da nake karɓa."

Ta tafa hannu. Tafkin ya tashi tsaye kamar guguwa, ya ɗauki Tankari da ayu biyu, ya yi sama da su.

A Tungar Zalɓe kuwa kwana bakwai sun cika, ko da yake shi Tankari a ganinsa wuni ɗaya ya yi. An ɗaure kaya, an ɗora wa jakuna, mata na goye da yara. Gwaggo Tumba ce kaɗai zaune a bakin gurbi ta ƙi tashi, Sarkin Ruwa na lallashinta.

"Tumba, yaron nan ya tafi. Ki tashi rana na yi."

"Dutsen niƙana yana wajensa. Sai ya kawo mini."

Ba ta rufe baki ba kainuwa ta yi tozo a tsakiyar gurbi, ta yage. Wani faffaɗan hanci mai gashi ya ɓullo ya yi atishawa. Wani ya ɓullo a gefensa. A tsakaninsu ga Tankari, hannu ɗaya a wuyan kowanne. Suka kawo shi gaɓa, suka juya, suka fara cin kainuwa ɓurum ɓurum kamar waɗanda suka shekara da yunwa.

Gwaggo ta jawo shi tudu, ta ga ramuka biyu a gefen ƙirjinsa, ta sa tafin hannu ta rufe ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ina dutsena?"

"Ya fashe, Gwaggo."

"Na san za a yi haka."

Aka sauke kaya daga kan jakuna. Kafin wata uku mashigi ya buɗe, jirage suka koma ruwa, bandar Gwaggo ta sake hayaƙi. Da damina ta zagayo aka ga macen da ɗan ƙaramin abu a ƙarƙashin hannunta. Tankari bai ƙara iya jifa ba, ko tuƙi mai nisa sai ya tsaya ya huta. Kullum yana bakin gurbi yana dasa burgu.

Labari ya kai kunnen Alhaji Na'iya. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga ƙarar inji. Ya sauko da babbar riga, ya gaisa da Sarkin Ruwa, ya ce ya ji an samu baƙi a gurbi, kuma abin da zai bayar bana ya ninka na da. Mutane suka yi ta kallon ƙasa. Barmo ya shiga gida ya fito da zagon ubansa.

"Uku ne yanzu," in ji shi, ba ya kallon kowa. "In an ɗauki ɗaya, saura biyu. Kuma ni zan mayar da haƙarƙarin, ba irin wasu ba."

Tankari ya taso daga cikin burgu, laka har gwiwa. Ya shiga ruwa ya tsaya tsakanin jirgin Barmo da inda ayun ke kiwo.

"Kauce, Tankari."

"Ba sai ka wahalar da kanka da tuƙi ba, Barmo. Ko can ka jefa, ko nan ka jefa, ni za ka samu. Ga ni kusa."

"Kai, samari, abin bai kai haka ba," in ji Alhaji yana murmushi. "Dabba ce fa. Malam Tankari, ai mun saba da kai."

"Mun saba, Alhaji. Shi ya sa zan gaya maka sabon farashi da bakina."

Ya cire riga ya jefa gaɓa. Ya ɗaga hannuwa sama, ramukan nan biyu suka fito fili, kowanne zai ɗauki dunƙulen hannu, fatar wurin na shiga tana fita da numfashinsa. Wata mata ta yi salati.

"Mai gurbi ta daina karɓar ƙashin ayu. Wannan take karɓa, ɗaya kan ɗaya, kuma wanzaminta ba ya ba da maganin zafi. Barmo, kana da haƙarƙari ashirin da huɗu, ka fi ni arziki. Alhaji, kai ma ƙirjin nan naka ba laifi. Wanda ya shirya ya tuɓe riga, ni zan raka shi har ƙofa, na san hanya."

Barmo ya dubi ramukan. Ya dubi zagon da ke hannunsa. Hannunsa na hagu ya tafi da kansa ya dafe gefen ƙirjinsa. Sarkin Ruwa ya tako ya zare zagon daga hannun ɗansa, ya miƙa wa Gwaggo Tumba.

"Tumba, ƙara a wutar banda."

Alhaji Na'iya ya tattara babbar rigarsa ya koma jirgi. Sau uku yana jan igiyar inji kafin ya tashi. Tankari bai fito daga ruwa ba sai da ƙarar ta ɓace a bayan kwana. Sannan mai tabo ya matso, ya sa hanci ya tunkuɗe shi a daidai ramin hagu.

"Na ji, na ji," in ji Tankari. Ya sunkuya ya tsinko masa burgu.